Alhaji Abubakar Imam: Malamin da Ya Sa Aku Ba da Labari

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka bar shi yana koyarwa a Makarantar Midil ta garin nan. Saboda haka mu malamai muna ganin namu ne.

A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙaga labari daga Zariya. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja, labarin mutumin da ya ratsa ƙasashe neman ruwan magani, shi da Malam Zurƙe suna ta yi wa juna ƙeta.

Amma a wurinmu gwanintarsa tana cikin Magana Jari Ce, littafi uku, wanda ya zauna rubutawa a Zariya a 1936. Wa ya ɗora wa ba da labarin? Aku, tsuntsun kurmin kudu! Yaranmu na wajen Ƙofar 'Yandaka da yawa ba su taɓa taka kurmi ba, inda itatuwa ke tare rana, amma sun san akun nan da ke tsare Musa ɗan sarki da labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya. Mai son shiga kurmin sosai sai ya nemi littafin D.O. Fagunwa, wani malami Bayarabe, na 1938, labarin maharbi a dajin aljanu.

A 1939 Imam ya zama editan Hausa na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a Zariya a 1981.