Leonard Cheshire: Matuƙin jirgin yaƙin da ya koma jinyar marasa galihu

Daga cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aiki a jiragen jefa bama-bamai na Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, 55,573 sun rasa rayukansu. Leonard Cheshire ya fita kai hari sau 100, kuma ya tsira.

An haife shi a garin Chester da ke Ingila a 1917. Ya karanci aikin lauya a Jami'ar Oxford, sannan ya shiga rundunar sojin sama a 1939.

A watan Nuwamban 1940 aka harbi jirginsa a sararin samaniyar Jamus har wuta ta kama, amma ya lallaɓa ya dawo da shi gida.

Daga baya ya yi fice wajen sauko da jirgi ƙasa-ƙasa cikin ruwan harsasai, ya yi wa wurin da za a kai wa hari alama domin jiragen da ke biye da shi. A 1944 aka ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Birtaniya.

Ranar 9 ga Agustan 1945 yana cikin jirgin 'yan sa ido lokacin da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Nagasaki.

Bayan yaƙi, a 1948, ya samu labarin wani tsohon soja da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ba shi da wurin zuwa. Cheshire ya kai shi gidansa, ya yi jinyarsa da kansa har ya cika. Kafin a jima gidan ya cika da marasa lafiya.

Daga nan aka samu gidajen Cheshire na kula da masu buƙata ta musamman, waɗanda suka bazu a ƙasashe da dama, har da Najeriya.

Ya mutu ranar 31 ga Yulin 1992 yana da shekara 74.

Abokan aikinsa da suka mutu a yaƙin sun daɗe ba a karrama su ba, saboda hare-harensu sun kashe dubban ɗaruruwan fararen hula a biranen Jamus. Sai a 2012, shekara 20 bayan mutuwar Cheshire, Sarauniya Elizabeth ta buɗe wurin tunawa da su a Landan.