Norman Rasmussen: Malamin Da Ya Koya Wa Duniya Auna Haɗari

Duk mutumin Bebeji ko Kiru da ya yi wayo kafin shekarar 1988, ba zai manta da daminar da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle ta yi awon gaba da gonaki da gidaje ba. Abin tambaya shi ne, shin ana iya gano kafar da masifa irin wannan za ta ɓullo tun kafin ta auku? Wannan tambaya ce wani malami Ba'amurke, marigayi Norman Rasmussen, ya ƙarar da rayuwarsa a kanta, sai dai shi a fagen tashoshin wutar lantarki na nukiliya.

An haife shi a birnin Harrisburg na jihar Pensilbaniya a 1927, ya kuma tashi a gonar kiwon shanu. Ya sami digirin digirgir a kimiyyar fiziks daga jami'ar MIT a 1956, kuma a nan ya ci gaba da koyarwa.

A wancan zamani, masu kafa dokokin nukiliya kan ƙaddara haɗari mafi muni ne, wato fashewar babban bututun ruwan sanyaya tukunyar nukiliya, su zuba dukiya wajen tare shi. A 1972 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Amurka ta ɗora wa Rasmussen jagorancin wani bincike. Shi da abokan aikinsa suka bi kowane famfo da bawul da wayar lantarki, suna tambayar abu uku: me zai iya lalacewa, sau nawa yakan lalace, kuma idan ya lalace me zai biyo baya?

Rahoton da suka fitar a 1975, mai suna WASH-1400, ya nuna cewa ƙananan yoyo da kuskuren ma'aikata sun fi babbar fashewa zama barazana. Ashe ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. To amma rahoton ya sha suka, domin ya nuna tabbaci kan alƙalumansa fiye da yadda hujja ta ba shi dama, har a watan Janairun 1979 hukumar kula da dokokin nukiliya ta janye amincewarta da taƙaitaccen bayaninsa.

Ikon Allah, a ranar 28 ga Maris na wannan shekara, a tashar Three Mile Island da ke dab da garin haihuwarsa, wani bawul ya maƙale a buɗe, ma'aikata suka kasa fahimtar abin da ke faruwa suka rage ruwan agaji, kusan rabin zuciyar tukunyar ya narke. Irin haɗarin da ya yi gargaɗi a kai ke nan. Daga nan aka koma wa dabararsa, har a 1995 hukumar ta mai da ita manufarta a hukumance. Amfanin abin biyu ne: sa ido ya koma kan sassan da suka fi haɗari, kuɗin da ake ɓarnatarwa kan waɗanda ba su taka kara sun karya ba kuma ya ragu. Rasmussen ya rasu a 2003.

Mai karatu kada ya ɗauka wannan zance na Turawa ne kawai. Tun 2004 muke da ƙaramar tukunyar bincike ta nukiliya a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ga kuma madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, wadda dubban manoma ke zaune a ƙarƙashinta. Kuɗin gyara kullum ba ya isa, saboda haka wajibi ne injiniyoyinmu su san ƙofar ruwa ko tsagewar da ta fi cancantar a fara kashe wa naira, su kuma faɗi gaskiya kan iyakar saninsu, don kada su maimaita kuskuren da ya jawo wa rahoton Rasmussen suka. Allah Ya kiyashe mu da sake ganin irin ta Bagauda, amin.