Gustave Flaubert da abokansa masu gyaran rubutu

An haifi Gustave Flaubert ran 12 ga watan Disamba na shekara ta 1821 a birnin Rouen, cikin ƙasar Faransa. Ubansa shi ne babban likitan fiɗa na asibitin garin. An tura yaron Paris domin ya karanta shari'a, amma a 1844 wani ciwo mai kama da farfaɗiya ya kada shi. Sai ya bar karatu, ya koma gidansu na Croisset, bakin kogin Seine, ya duƙufa ga rubutu.

A watan Satumba na 1849 ya gama wani dogon littafi a kan jarrabawar waliyyi Antoine. Ya kira aminansa biyu, Louis Bouilhet da Maxime Du Camp, ya yi kwana huɗu yana karanta masu, awa takwas kowace rana, su kuwa suna saurare ba su ce uffan ba. Da ya kai ƙarshe suka gaya masa gaskiya tsirara: maganar ta yi yawa, labarin ba ya tafiya, gara a jefa takardun wuta. Abin ya yi masa zafi ƙwarai, amma bai ƙone su ba, bai kuma yanke zumunci ba. Ya adana su a akwati, ya tafi Masar tare da Du Camp.

Da ya komo a 1851 sai ya ɗauki labarin matar wani likitan ƙauye, ya fara Madame Bovary. Kusan shekara biyar ya yi a kansa. Yakan kwana a kan shafi guda, yana gogewa yana sakewa, sa'an nan ya karanta da ƙarfi domin kunne ya kama abin da ido ya tsallake. Ran Lahadi Bouilhet yakan zo ya duba aikin mako, ya nuna inda ado ya danne ma'ana, Flaubert ya yanke.

Amma ba kowane gyara yake karɓa ba. A 1856, da mujallar Revue de Paris, inda Du Camp ke cikin shugabanni, ta cire wasu wurare don tsoron hukuma, ya fito fili ya nuna bai yarda ba. Duk da haka aka kai shi gaban alƙali kan zargin ɓata tarbiyya, aka sallame shi ran 7 ga Fabrairu 1857. Littafin ya fito da sunan Bouilhet a shafin sadaukarwa.

Bouilhet ya rasu a 1869. Littafin nan da aka so ƙonewa kuwa, Flaubert ya sake rubuta shi har sau biyu, ya fito a 1874, shekara 25 bayan karatun farko. A ƙarshen rayuwarsa shi ma ya zama mai duba rubutun saurayi Guy de Maupassant. Ya rasu a Croisset ran 8 ga Mayu 1880.