Bill Monroe: Marayan da Ya Zama Uban Kiɗan Bluegrass

A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani makaɗi ɗan Amurka, marigayi Bill Monroe, wanda har yau masoyansa ke kiransa uban kiɗan bluegrass. Abin kiɗansa shi ne mandolin, wata 'yar ƙaramar garayar Turawa mai tsirkiya takwas da kaifin murya.

An haife shi ran 13 ga Satumba, 1911, a wata gona kusa da ƙauyen Rosine cikin jihar Kentaki. Shi ne autan 'ya'ya takwas. Ya tashi da harara-garke, ba ya gani sosai, ga tsokanar yara, saboda haka ya zama mai kunya da kaɗaici. Gidansu gidan kiɗa ne, amma da yake yayyensa sun riga shi zaɓe, Birch ya ɗauki goge, Charlie ya ɗauki jita, sai aka bar wa auta mandolin, wadda a lokacin ba a ɗauke ta da wani muhimmanci ba.

Yana ɗan shekara goma mahaifiyarsa ta rasu, a 1928 kuma mahaifinsa ya bi ta. Gida ya watse, kowa ya kama gabansa. Sai ya koma hannun kawunsa Pendleton Vandiver, gwanin goge, wanda yakan tafi da shi wuraren rawa na ƙauyuka. A nan ya koyi tsofaffin kaɗe-kaɗen da kakanninsu suka zo da su daga ƙasashen Sikotlan da Ailan. Malaminsa na biyu wani baƙar fata ne mai suna Arnold Shultz, lebura kuma gwanin jita da goge, wanda ya sa masa kiɗan baƙaƙen Amurka a kunne. Shultz ya mutu a 1931 ba tare da an taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba, amma Monroe bai daina ambatonsa da alheri ba har tsufansa.

A 1929 ya bi yayyensa cin rani zuwa jihar Indiyana, inda ya sami aikin ƙarfi a matatar mai, yana wanke ganguna yana loda su. Da rana aiki, da dare kiɗa ga 'yan'uwansu mutanen karkara da neman abinci ya kawo birni. To, duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ya san abin da sautin gida ke yi wa zuciya. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma shi wannan bawan Allah gidan ya ƙi barinsa. Kewar tuddan Kentaki da iyayen da ya rasa ita ce ta zama jarinsa.

Shi da wansa Charlie sun yi waƙoƙi 60 a faifai tsakanin 1936 da 1938, sannan suka rabu, don kowannensu na da zafin rai. Sai Bill ya kafa tasa ƙungiya, ya raɗa mata suna Blue Grass Boys, saboda ana yi wa Kentaki laƙabi da wata ciyawa da ake kira shuɗiyar ciyawa. A watan Oktoba na 1939 aka ɗauke su a shahararren shirin rediyon nan na Grand Ole Opry a birnin Nashbil, kuma ya ci gaba da fitowa a shirin fiye da shekara 50.

A ƙarshen 1945 ne kiɗan ya cika ya tumbatsa, lokacin da wani saurayi mai suna Earl Scruggs ya shigo da salonsa na kaɗa banjo da yatsu uku, ya tarar da Lester Flatt yana jita da waƙa. Shi banjo, kamar yadda masana suka tabbatar, bayi ne suka ƙirƙiro shi daga kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta Yamma, wato dangin gurmi ne da molo. Kayan kiɗa biyar ne, babu ganga, babu lantarki: mandolin da banjo da jita da goge da babban goge mai kaurin murya. Kiɗa ne mai gudu, kowane makaɗi a ba shi fili ya nuna gwanintarsa, shi kuma Monroe ya ɗaga siririyar murya can sama mai cike da kewa. Daga sunan ƙungiyarsa kiɗan ya samo sunansa. Waƙarsa Blue Moon of Kentucky ta yi farin jinin da har Elvis Presley ya sake rera ta a 1954.

Ba a ce mutum ne mai sauƙin hali ba. Da Flatt da Scruggs suka bar shi a 1948 suka kafa tasu ƙungiya, ya ɗauki abin cin amana, ya yi fiye da shekara 20 yana gaba da Flatt, sai a 1971 suka shirya. Amma fa maigida ne na gaske. Makaɗa fiye da 150 suka yi zaman koyo a hannunsa, yana hore su da aiki tuƙuru da tsabtar sutura, da yawansu kuma suka zama manya. Ya sha wuya shi ma: mummunan haɗarin mota a 1953 ya kakkarya shi, sannan kiɗan zamani ya janye masa kasuwa, amma ya ƙi sauya salo har matasa suka sake gano shi. A 1967 ya fara bikin kiɗa na shekara-shekara a Bean Blossom, cikin Indiyanar da ya yi leburanci.

Ita ma mandolin ɗinsa tana da nata tarihi. Ƙirar kamfanin Gibson ce ta 1923, ya saye ta dala 150 a wani shagon aski a Fulorida. A 1985 wani ya shiga gidansa ya farfasa ta da ƙarfen tona wuta. Wani ma'aikacin Gibson, Charlie Derrington, ya zauna watanni yana harhaɗa ɗaruruwan tsinke-tsinken katakon har ta sake magana. Yanzu tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Nashbil.

Ya sami lambar Grammy ta girmamawa a 1993, a 1995 kuma Shugaba Bill Clinton ya rataya masa lambar fasaha ta ƙasa. Sai dai abin da masoya suka fi tunawa ƙarami ne: tsohon da ke yawo da 'yan sulalla a aljihu, duk yaron da ya gani sai ya miƙa masa ɗaya.

Ya rasu ran 9 ga Satumba, 1996, saura kwana huɗu ya cika shekara 85. Aka mayar da shi Rosine, aka binne shi kusa da iyayensa.