W. G. Grace: Likitan da ya sauya bugun kurket, ya kuma fi 'yan albashi samun kuɗi

Jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Catford Bridge a kudu maso gabashin Landan ya nufi kudu, yakan tsaya a Lower Sydenham, bayan 'yan mintoci kuma ya isa Elmers End. Ƙalilan ne daga cikin fasinjojinsa suka san cewa wannan gajeriyar tafiya tana ratsa unguwannin da William Gilbert Grace, gwarzon kurket na Ingila a ƙarni na 19, ya ƙarasa rayuwarsa. A Sydenham ya zauna kusan shekara goma. A kan kulob ɗin Grove Park, wata unguwa da ke kusa da Catford, ya yi bugunsa na ƙarshe. A maƙabartar da ke Elmers End aka binne shi a 1915.

Ita kanta Catford garin kurket ce a wancan zamani, domin ƙungiyar gundumar Kent ta riƙa buga manyan wasanninta a filin Private Banks da ke can har zuwa 1921. Yawancin waɗanda suka yi gumi a irin waɗannan filaye 'yan albashi ne, wasan shi ne abincinsu. Grace kuwa a takarda ɗan sha'awa ne da ba ya karɓar ko kwabo. A zahiri babu ɗan wasan zamaninsa da kurket ya azurta kamarsa.

Gonar 'ya'yan itace da ta zama makaranta

An haifi Grace ranar 18 ga Yulin 1848 a ƙauyen Downend da ke kusa da Bristol. Mahaifinsa, Henry Mills Grace, likita ne mai tsananin son kurket, har ya share wani sashe na gonar 'ya'yan itacen gidansa ya mai da shi filin atisaye. Mahaifiyarsa Martha ta san wasan ciki da waje, kawunsa Alfred Pocock kuma shi ya ɗauki nauyin koyar da shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kurket karawa ce tsakanin ƙungiyoyi biyu masu mutum 11 kowace. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yana auna turakun da ƙwallo mai tauri, mai bugu kuma yana kare su da faffaɗar sanda, yana neman tura ƙwallon inda babu mai tsaro domin ya yi gudu ya ci maki. Kuskure ɗaya ya isa a fitar da shi. Wanda ya tara maki 100 kafin a fitar da shi ya yi abin a yaba.

Abin da Pocock ya fara cusa wa yaron shi ne tsaro kafin hari: ya riƙe sanda a miƙe, kafaɗar hagu tana gaba, ido yana kan ƙwallo har ta iso. Wansa E. M. Grace ya yi suna da bugun ƙarfi na gicciye, amma shi William an tsare shi a kan ƙa'ida tun yana ƙarami.

Abin da ya sauya a bugu

Grace ya shiga wasannin aji na farko a 1865, shekara ɗaya bayan an halatta jifa ta saman kafaɗa, abin da ya ƙara wa masu jifa sauri. Filayen lokacin ba su da laushin na yau. Wata ƙwallon ta bi ƙasa kamar maciji, wata ta yi tsalle ta nufi fuska, kuma babu hular kwano. A 1870 ƙwallo ta sami George Summers na Nottinghamshire a kai a filin Lord's, ya rasu bayan kwana huɗu.

Kafin Grace, masu bugu sun kasu gida biyu. Wasu sukan miƙa ƙafar gaba su tarbi ƙwallo daidai inda ta faɗi, wasu kuma sukan ja da baya su jira ta taso. Kowa yakan riƙe salo ɗaya ya rayu da shi, mai jifa kuma da zarar ya gane salon mutum ya san inda zai kama shi. Grace ya haɗa salon biyu, ya bar tsawon jifar ya zaɓa masa wanda zai yi amfani da shi. Idan ƙwallo ta faɗi kusa, ya tako gaba ya tura ta; idan ta faɗi nesa, ya ja baya ya yanke ta gefe. Ya kuma ƙi yarda da ra'ayin cewa akwai ƙwallon da ba a neman maki a kanta. Yarima Ranjitsinhji na Indiya, wanda ya buga wa Ingila, ya bayyana a littafinsa na 1897 cewa wannan haɗin shi ne tushen bugun zamani.

Sakamakon ya bayyana da wuri. A 1866, 'yan kwanaki bayan ya cika shekara 18, ya ci maki 224 ba a fitar da shi ba a filin Oval, a wasan zaɓaɓɓun Ingila da Surrey. Ana cikin kwanakin wasan aka ba shi izini ya tafi Crystal Palace, inda ya lashe tseren tsallake shinge. A 1871 ya tara maki 2,739 a kaka ɗaya. A watan Agustan 1876 ya ci 344 a kan Kent a Canterbury, wanda shi ne karo na farko da wani ya haura 300 a wasan aji na farko, sannan 177 a kan Nottinghamshire, sannan 318 a kan Yorkshire ba a fitar da shi ba. Maki 839 ke nan a wasa uku a jere. Masu jifa da sauri, waɗanda a da ake tsoronsu, su suka fi shan wuya a hannunsa.

'Yan sha'awa da 'yan albashi

Kurket na Ingila a zamanin Sarauniya Victoria madubin rabe-raben al'umma ne. Akwai 'yan sha'awa, 'ya'yan masu hali da ake ɗauka suna wasa don nishaɗi, akwai kuma 'yan albashi, yawancinsu 'ya'yan leburori da masaƙa da mahaƙan kwal. Ɗakin sauya kayansu daban, a wasu filayen ƙofar shigarsu ma daban. Shugabancin ƙungiya na ɗan sha'awa ne. Ɗan albashi kuwa bayan wasa yakan yi wa mambobin kulob jifa su yi atisaye, idan hunturu ya zo ya nemi wata sana'a, idan ƙarfinsa ya ƙare ya dogara da kuɗin wasan karramawa guda ɗaya. Kowace shekara ɓangarorin biyu sukan kara a wasan da ake kira Gentlemen da Players, kuma kafin zuwan Grace 'yan albashi ne suka saba yin nasara. Shi ya juya wannan tarihi.

Sai dai gidan Grace ba gidan dukiya ba ne, gidan likitan karkara ne. Kulob ɗin MCC, mai tsara dokokin wasan, ya karɓe shi mamba a 1869 saboda yana bukatar sunansa, sannan ya kawar da kai daga kuɗin da yake karɓa da sunan kuɗin hidima. Grace ya jagoranci wata tawaga mai yawo gari-gari, United South of England Eleven, ana biyansa. Da ya kai tawaga Ostireliya a 1873 zuwa 1874, tare da amaryarsa Agnes, an ba shi fam 1,500 ban da kuɗin tafiya, alhali abin da kowane ɗan albashi ya samu bai kai fam 200 ba, kuma masaukinsu bai kai nasa ba. A rangadin 1891 zuwa 1892 da Lord Sheffield ya ɗauki nauyi, ladansa ya kai fam 3,000.

'Yan albashi suna gani, kuma abin yana ci musu rai. A 1896, gab da wasan Ingila da Ostireliya a Oval, biyar daga cikinsu suka nemi a ninka ladansu daga fam 10 zuwa 20. Uku suka janye bukatar, George Lohmann da William Gunn kuwa ba su buga ba. Jaridu suka taso da batun kuɗin 'yan sha'awa, har kulob ɗin Surrey ya fitar da sanarwa yana kare Grace. Duk da haka akwai wani ɓangare na lissafin: sunansa ne ke cika filaye, kuma ɗan albashin da ya samu Grace ya halarci wasan karramawarsa ya san aljihunsa zai yi nauyi.

Likita, kuma mai son nasara ko ta halin ƙaƙa

Karatun likitancinsa ya ɗauki fiye da shekara goma saboda wasa, sai a 1879 ya kammala yana da shekara 31. Ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a titin Stapleton da ke Bristol, unguwar talakawa, inda ya yi aiki kusan shekara ashirin. An shaide shi da duba marasa galihu ba tare da matsa musu kan kuɗi ba.

A fili kuwa halinsa daban ne. Dogo ne ƙaƙƙarfa mai cikar gemu, ya iya matsa wa alƙalin wasa, ba ya kuma barin wata kafa ta doka ta wuce shi. A 1880 ya buga wasansa na farko na ƙasa da ƙasa a Oval tare da 'yan'uwansa biyu, E. M. da Fred, ya ci 152, wanda shi ne ɗari na farko da ɗan Ingila ya ci a wannan mataki. Bayan mako biyu ciwon huhu ya kashe Fred yana da shekara 29.

A 1882, a wannan filin dai, matashin ɗan Ostireliya Sammy Jones ya bar layinsa don ya daddale ƙasa, yana zaton wasa ya tsaya. Grace ya taɓa turaku da ƙwallo, aka fitar da shi. Doka tana bayansa, amma 'yan Ostireliya sun ɗauki abin a matsayin rashin dattaku. Fred Spofforth ya yi jifa cikin fushi, ya fitar da mutum 14 a wasan baki ɗaya, Ingila ta faɗi da ratar maki bakwai. Daga wannan kashi aka samo sunan gasar Ashes da ƙasashen biyu ke yi har yau.

A 1895, lokacin da ake ganin ƙiba da shekaru sun cim masa, ya ci maki 1,000 a cikin watan Mayu kaɗai, ya kuma zama mutum na farko da ya ci ɗari sau ɗari, a wasan da ya tara 288 a kan Somerset. Yana da shekara 46. Gudummawar da jama'a suka tara masa a shekarar ta haura fam 9,000.

Shekarun kudancin Landan

Shekarar 1899 ta zo masa da nauyi. 'Yarsa Bessie ta rasu da zazzaɓin taifot tana da shekara 20. Ya saɓa da kwamitin Gloucestershire, ƙungiyar da ya jagoranta kusan shekara talatin, ya bar ta. Ya buga wa Ingila wasansa na 22 kuma na ƙarshe yana da shekara 50, lokacin da sunkuyawa ya ɗauki ƙwallo ta fara gagararsa. Ya bar aikin likita ya koma titin Lawrie Park a Sydenham, domin kamfanin Crystal Palace ya ɗauke shi ya kafa kulob ɗin London County a kan fam 600 a shekara. Albashin na sakatare da manaja ne, saboda haka a takarda har yanzu ɗan sha'awa ne.

London County ya buga wasannin aji na farko daga 1900 zuwa 1904. Da yake ba ya cikin gasar gundumomi, 'yan kallo ba su taru ba, kulob ɗin ya durƙushe. A 1905 babban ɗansa ya rasu bayan tiyata. Grace ya ci gaba da wasa. A 1906, ranar da ya cika shekara 58, ya ci wa Gentlemen maki 74 a Oval. Wasansa na ƙarshe a aji na farko ya zo a Afrilun 1908, bayan kaka 44, da maki fiye da 54,000, ya kuma fitar da masu bugu fiye da 2,800 da jifarsa. Masana alƙaluma sun saɓa kan ko ɗarurrukansa 124 ne ko 126, saboda saɓani kan matsayin wasu wasanni.

A 1909 ya koma Mottingham, ya shiga ƙaramin kulob ɗin Eltham. Ranar 25 ga Yulin 1914, yana da shekara 66, ya ci 69 a kan Grove Park ba a fitar da shi ba. Bayan kwana goma Birtaniya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a ƙarshen Agusta ya rubuta wa jaridar The Sportsman wasiƙa yana kira da a dakatar da gasar gundumomi, matasa su tafi aikin soja. Hare-haren jiragen Zeppelin na Jamus a kan Landan sun tayar masa da hankali ƙwarai. Ya gamu da shanyewar ɓarin jiki a watan Oktoban 1915, ya rasu ranar 23 ga watan yana da shekara 67.

A 1923 MCC ya kafa ƙofar tunawa da shi a Lord's. Bambancin da ya rayu a tsakiyarsa kuwa ya daɗe bayansa: sai a 1952 Ingila ta naɗa ɗan albashi, Len Hutton, kyaftin na dindindin, sai kuma a ƙarshen 1962 aka soke rabon 'yan sha'awa da 'yan albashi gaba ɗaya. Wasan ya bi sawun mulkin mallaka zuwa Indiya da Karebiyan da Afirka, har Kwalejin Katsina, inda ɗalibai irin su Ahmadu Bello suka buga shi. A yau ɗan wasa yana sa hannu a kwangilarsa a bainar jama'a ba tare da kunya ba. Duk yaron da koci ya ce wa ya dubi inda ƙwallo ta faɗi kafin ya zaɓi takowa gaba ko ja da baya, a Mumbai ne ko a Abuja ko a Catford, darasin da aka fara a gonar Downend yake karɓa.