Charles Momsen, Mai Ceton Waɗanda Teku Ta Rufe

Mu mutanen Awe abin da muka sani na ruwa shi ne na gishirinmu, sai kuma Binuwai. Kowa ya taɓa ganin masunci ya yi nutso a Tunga ya san ba ya jimawa sai ya taso neman numfashi. To, ina ga mutanen da jirgi ya nutse da su can ƙarƙashin teku, ƙofa a rufe, iska tana ƙarewa? Ga labarin mutumin da ya samo musu mafita.

An haifi Charles Momsen a New York ta ƙasar Amurka cikin shekara ta 1896. Ya shiga makarantar hafsoshin sojan ruwa a 1914, amma ya faɗi jarrabawa, aka sallame shi. Bai yi zuciya ba, ya sake neman shiga, ya gama a 1919. Daga nan ya koyi aikin jirgin yaƙin nan mai tafiya ƙarƙashin ruwa, har aka ba shi nasa ya riƙe.

A 1925 wani jirgin irin nasa, mai lamba S-51, ya yi karo ya nutse. Momsen yana cikin waɗanda aka aika nema. Ya tarar da mai yana tasowa bisa ruwa, ya san jirgin yana nan ƙasa kamar zurfin gaba 22, amma babu dabarar isa gare shi. Mutum 33 suka halaka. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Sai ya zana wani ɗaki na ƙarfe mai siffar ƙararrawa, wanda za a zura da igiya ya zauna daram bisa ƙofar jirgin, mutane su shiga a jawo su. Manyansa suka ce abin ba shi yiwuwa.

Ana nan, a 1927 jirgi S-4 ya nutse da mutum 40. Shida daga cikinsu suka yi wajen kwana uku da rai, suna ƙwanƙwasa jikin jirgin, na waje suna ji, har suka yi shiru. Sa'an nan ne fa aka saurari Momsen.

Da fari ya ƙaga wata jaka ta roba da ake ratayawa a ƙirji. Ana cika ta da iskar oksijin, cikinta kuwa akwai wani gari mai shanye gurɓatacciyar iskar da mutum ya fitar. Mai ita yakan bi igiya ya taso sannu sannu, domin gaggawa kan yi wa huhu lahani. Momsen da kansa ya jarraba ta a zurfin ƙafa 200 a 1929. Aka gina dogayen tankunan ruwa don koya wa sojoji amfani da ita. Ɗakin ƙarfen nan kuma aka ƙera shi, amma aka sa masa sunan McCann, hafsan da ya ƙarasa aikin.

Ran 23 ga watan Mayu 1939 jirgi Squalus ya nutse, zurfin gaba 40. Mutum 26 suka mutu nan take, 33 suka maƙale. Aka kira Momsen ya shugabanci aikin. Sau huɗu aka zura ɗakin. A sawu na ƙarshe igiya ta sarƙe, wadda ke riƙe da su kuma ta fara tsinkewa, sai da aka jawo su da hannu a hankali. Duk 33 suka fito da rai.

Momsen ya bar aiki a 1955 da babban muƙami, ya rasu a 1967. An daɗe da daina amfani da jakarsa, amma aikin ya ci gaba. Bayan jirgin Rasha Kursk ya nutse da mutum 118 a shekara ta 2000, aka kafa ofishin haɗa kan ƙasashe don irin wannan ceto a 2003, sojojinsu suna yin atisaye tare.

Malaman gobe, ku tuna yaron nan an taɓa korarsa don ya faɗi jarrabawa ɗaya. In kun sami irinsa a ajinku, kada ku yi saurin fid da rai da shi.