William Giauque, mutumin da ya samo sanyi daga mayen ƙarfe

Mun san firigo da iskar gas yake sanyaya ruwa da kifi. Yau mun kawo muku tarihin wani masani da ya gano hanyar sanyi ta daban, da mayen ƙarfe da wani gishiri.

An haifi William Giauque ranar 12 ga Mayu 1895 a garin Niagara Falls na ƙasar Kanada, iyayensa Amurkawa ne. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya rasu. Da ya gama sakandare sai ya yi aikin shekara 2 a wata masana'antar sinadarai, daga nan ya wuce jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda ya samu digirin dokta a 1922. A can ya koyar har tsufansa.

Sanyi yana da iyaka: digiri 273 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A zamaninsa masana sun kusanci iyakar, saura kamar digiri 1, suka cije. A 1926 Giauque ya kawo dabara. Gishirin gadoliniyam, ɗaya daga cikin ma'adinan nan da ake kira masu wuyar samu, cike yake da ƙananan ƙwayoyi masu halin mayen ƙarfe. In aka kusanto da babban mayen ƙarfe sai su jeru sahu, su fitar da zafi, a kwashe zafin da ruwan heliyam. In aka janye shi sai su watse, watsewar kuma ta zuƙe ɗan zafin da ya rage a jikin gishirin.

Faɗa da baki ba wuya, amma haɗa kayan aikin ya ci masa shekara 7, ga masanan Holand suna neman riga shi. A 1933 shi da ɗalibinsa MacDougall suka kai inda saura rubu'in digiri kawai a taɓa iyakar. A 1949 aka ba shi kyautar Nobel ta ilimin sinadarai.

Ya rasu ranar 28 ga Maris 1982, amma dabararsa na nan da rai. Tauraron ɗan Adam na Japan mai suna XRISM, wanda aka harba a 2023, da ita yake sanyaya na'urarsa ta hangen sararin sama. Lalle mahaƙurci mawadaci ne.